Zangon Iska Da Yadda Ake Maimaita Amfani Da Shi A Wayar Salula



Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a Nijeriya baki ɗaya ba su wuce kimanin 400,000 ba, alhali kuwa mutanen ƙasar sun haura miliyan 100. Wanda ke son magana da ɗan'uwansa a wani gari sai ya tafi ofishin waya ya bi layi, ko ya aika da wasiƙa, ko ya ba direban mota sallahu. A shekarar 2020 kuwa, layukan wayar salula da ke aiki a ƙasar nan sun wuce miliyan 200. Manomi yana tambayar kuɗin hatsi a Dawanau yana zaune a bakin gonarsa, mai naƙuda kuma ana kira mata mota da tsakar dare. Abin da wannan jawabi zai yi bayani a kai shi ne dabarar da ta sa wannan ya yiwu, domin akwai ɓangarenta da ya rataya a wuyan jama'a, kuma mutum ba ya kiyaye abin da bai san amfaninsa ba.

Mene ne zango?

Duk mai akwatin rediyo ya saba jin ana cewa gajeren zango da matsakaicin zango. Magana tana tafiya a iska ne bisa wata igiyar lantarki wadda ido ba ya gani, tana kaɗawa tana maimaitawa kamar yadda ruwan tafki ke yi in an jefa dutse. Yawan kaɗawarta a daƙiƙa guda shi ne zangonta. Ana auna shi da haz, watau sunan Heinrich Hertz, masanin nan na Jamus da ya tabbatar da samuwar waɗannan igiyoyi a wajen 1887. Kaɗawa dubu a daƙiƙa ita ce kilohaz ɗaya, kaɗawa miliyan kuma megahaz ɗaya. Tashoshin FM, alal misali, duk suna zaune ne tsakanin megahaz 87.5 da 108.

To, wannan fili na iska yana da iyaka, kamar yadda fadama take da iyaka. Ba a ƙera sabo a masana'anta, ba a kuma sayo ƙari daga ƙetare. Masu bukatarsa ga su da yawa: gidajen rediyo da talabijin, jiragen sama da na ruwa, soja da 'yan sanda, masu duba yanayi, da kamfanonin waya. In na'urori biyu da ke kusa da juna suka yi magana a zango ɗaya lokaci ɗaya, sai su turmushe juna, mai sauraro ya ji hayaniya kawai. Saboda haka ne ƙasashen duniya suke zama su raba filin a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda aka kafa a 1865, mai hedkwata a Janiba. A nan gida, an kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, a 1992, sa'an nan Dokar Sadarwa ta 2003 ta ƙarfafa ta, ta kuma kafa majalisa ta musamman mai kula da rabon zango. NCC ke bai wa kamfanonin waya izni, Hukumar NBC kuwa ita ke kula da na gidajen rediyo da talabijin. Zango dukiyar al'umma ce, haya ake ba kamfani na wasu shekaru ƙididdigaggu, bisa sharuɗɗa.

Sanƙira da zauruka

Da aka fara sa tarho a mota, a birnin St. Louis na Amurka a 1946, hanyar da aka bi ita ce ta gidan rediyo. Aka kafa doguwar eriya guda a wuri mai tudu, aka ba ta ƙarfi ƙwarai don ta game birni da kewayensa. Murya tana isa ko'ina, gaskiya ne, amma duk sa'ad da mutum ɗaya ya kama hanya yana magana, babu wanda zai iya amfani da wannan hanya a faɗin birnin sai ya gama. Shekara talatin bayan haka, a 1976, birnin New York da yawan jama'arsa hanyoyi 12 kacal gare shi na tarhon mota. Masu amfani da shi ba su kai 600 ba, waɗanda suka rubuta suna suna jiran a ba su kuwa sun fi 3,700.

Misalin wannan shi ne sanƙira. In sanƙira ya hau tudu ya buga ganga ya ɗaga murya, gari duka ya ji, amma tilas kowa ya yi shiru, kuma ba a yin sanƙira biyu a dandali ɗaya. A dubi garin nan kuma bayan sallar isha'i. A kowane zaure ana hira, da harshe ɗaya, da irin murya ɗaya, zaure ɗari ko dubu a lokaci guda, ba wanda ke dame wa wani magana. Dalili shi ne kowa yana magana daidai kunnen abokin zamansa, kafin muryar ta kai zaure na uku ta mutu. Da a ce kowane mai hira zai ɗaga murya irin ta sanƙira, da hirar gari ta watse.

Wannan shi ne tunanin da wani injiniya mai suna Douglas Ring, na ɗakin binciken Bell a Amurka, ya rubuta a watan Disamba na 1947. Ya ce a daina neman eriya guda mai game birni. A yanka birnin zuwa ƙananan yankuna, kowane yanki da tasa eriya mai ƙaramin ƙarfi, a ba yankuna masu maƙwabtaka hanyoyi dabam-dabam, sa'an nan in an yi nisa kaɗan a sake ba wani yanki ainihin hanyoyin da aka ba na fari. Abokin aikinsa W. Rae Young ya ba da shawara a zana yankunan da kusurwa shida, irin saƙar zuma, domin wannan siffa ce ke rufe fili ba tare da ta bar giɓi ba, kuma ta fi kusa da da'ira. Kalmar salula da ke bakin kowa a yau ta samo asali ne daga kalmar Turanci mai nufin ɗan ɗaki irin na cikin saƙar zuma. A ƙasa dai yankin ba ya fitowa da kusurwa shida sosai, saboda tuddai da gine-gine da itatuwa suna lanƙwasa iyakarsa. A kan takarda ne yake fitowa tsaf.

Tunanin ya daɗe a ajiye, domin akwai abin da ya gagara a lokacin. Mai tafiya a mota zai fita daga yanki ya shiga wani yana tsakiyar magana, lalle ne a sami na'urar da za ta lura da haka, ta miƙa shi ga eriya ta gaba, ta sauya masa hanya, duk cikin ƙiftawar ido. Sai da kwamfuta ta kai ga wannan aiki tukuna. Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kira na farko da wayar hannu a New York a 1973. An buɗe tsarin salula na farko ga jama'a a Tokyo a 1979, ƙasashen arewacin Turai suka biyo a 1981, birnin Chicago kuma a 1983. Tsarin GSM, wanda Nijeriya ta ɗauka daga baya, a Finland aka fara aiki da shi a 1991.

Lissafin abin

A nan ya kamata a ɗan tsaya a yi lissafi, domin lissafin ne ke nuna girman al'amarin.

A watan Janairu na 2001 Hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, kuɗin kowane lasisi ya tsaya a dala miliyan 285. MTN da Econet suka biya nasu, suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, aka kuma keɓe ɗaya ga kamfanin gwamnati. Globacom ya shigo a 2003. Me aka sayar musu da wannan maƙudan kuɗi? Kowane lasisi na 2001 ya ƙunshi faɗin megahaz 5 a filin 900 da megahaz 15 a filin 1800, kowanne da takwaransa, ɗaya na maganar da ke fita daga waya, ɗaya na wadda ke shigowa. A tsarin GSM, hanya guda tana cin faɗin kilohaz 200. Ke nan megahaz 5 hanya 25 ce, megahaz 15 kuma hanya 75, jimla 100. Kowace hanya ana raba lokacinta kashi takwas, wayoyi takwas suna karɓa-karɓa cikin saurin da kunne ba ya ganewa. Hanya 100 sau takwas, gurbi 800. Daga ciki ma sai an cire wasu domin saƙonnin da na'urori ke yi wa juna.

Watau da a ce kamfani ya kafa eriya guda mai game Nijeriya, da mutum 800 ba za su cika suna magana lokaci ɗaya ba, daga Sakkwato har Kalaba. Kasuwar Kantin Kwari kaɗai ta isa ta cinye su kafin hantsi.

To, a raba hanyoyin nan 100 gida huɗu, a ba yankuna huɗu masu maƙwabtaka 25 kowanne. Waɗannan huɗu sun zama rukuni ɗaya, gurbinsu 800. A gefensu a sake kafa wani rukunin na huɗu da hanyoyin nan dai, a yi ta jerawa kamar yadda magini ke jera tubali. In aka ɗauka, a matsayin misali, babban birni yana da yankuna 400, rukuni 100 ke nan, gurbi 80,000, ba tare da an ƙara ko haz ɗaya a kan abin da aka saya ba. Hanyar da wani ke magana a kanta a Fagge, ita ce wani ke kai a Hotoro, ita ce a Zariya, ita ce a Ikko da Fatakwal.

Abin da ke sa wannan ya yiwu shi ne igiyar rediyo tana raunana da nisa. A fili fetal, in aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin da ya rage kashi ɗaya ne cikin huɗu. A cikin gari, inda gine-gine ke tare ta, yakan faɗi har zuwa kashi ɗaya cikin takwas ko cikin goma sha shida. Abin da mai gidan rediyo ke ɗauka cikas, ga mai wayar salula alheri ne. Injiniyoyi sun auna tazarar da ta wajaba tsakanin yankuna biyu masu amfani da hanya ɗaya. A rukunin yankuna bakwai, wanda aka yi amfani da shi a tsarin Amurka na farko, tazarar ta kai kimanin ninki huɗu da rabi na nisan da ke tsakanin eriya da iyakar yankinta. In wannan nisa kilomita 2 ne, ba za a sake amfani da hanyar ba sai bayan kamar kilomita 9. A rukunin huɗu tazarar ninki uku da rabi ce. Ƙaramin rukuni ya fi ɗaukar mutane, amma hayaniyar maƙwabta ta fi shigowa. Babban rukuni ya fi tsabtar murya, amma rabon kowane yanki ya ragu. Aikin injiniya kullum shi ne neman tsaka-tsaki.

In jama'ar yanki suka ƙaru har gurabe suka kasa, akwai magani iri biyu da aka saba. Na farko, a raba eriyar turke gida uku, kowace ta fuskanci ɓangare ɗaya, kamar fitilar hannu maimakon fitilar ƙwai. Su ne dogayen fararen allunan nan da ake gani a saman turakun sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Na biyu, a yanka yankin kansa, a ƙara turaku, a rage wa kowanne ƙarfi. Shi ya sa a karkara turke ɗaya yakan ɗauki ƙauyuka da dama, tsarin GSM ma yana iya kaiwa kilomita 35 in babu shamaki, a tsakiyar birni kuwa tsakanin turke da turke wani lokaci bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba. Shi ya sa kuma ranar salla a filin idi, ko ranar babbar kasuwa, mutum yakan ga alamar sabis ta cika a wayarsa amma kira ya ƙi shiga. Eriya tana jinsa sarai, gurabe ne suka ƙare. Alhazai sun san wannan a Mina da Arfa, inda kamfanonin Saudiyya ke ƙara turaku na wucin gadi domin kwanakin aikin hajji.

Tsare-tsaren da suka biyo bayan GSM sun ƙara gaba. A 3G da 4G yankuna masu maƙwabtaka sukan yi amfani da fili ɗaya gaba ɗaya, sai na'urori su bambance masu magana da lambobin sirri, ko kuma turaku su daidaita tsakaninsu wanda zai yi amfani da wane sashe ga mutanen da ke bakin iyaka. A 5G eriya tana iya tattara ƙarfinta ta nufi waya guda. A gwanjon Disamba na 2021, MTN da Mafab kowanne ya sayi faɗin megahaz 100 a filin 3,500 a kan dala miliyan 273.6. Amma gwargwadon hawan zango, gwargwadon gajarcin tafiyarsa da wuyar ratsa bango, don haka sabon tsari turaku yake ƙara nema. Ko na'urar Wi-Fi ta ofis wannan ƙa'ida take bi: a filin megahaz 2,400 hanyoyi uku ne ba sa hawa kan juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11, duniya duka kuma su ake ta maimaitawa daga gini zuwa gini.

Abin da ya shafi jama'a

Akwai unguwannin da mutane ke ƙin a kafa turke kusa da su, saboda tsoron cuta. Tsoron ba abin raini ba ne, kuma haƙƙin jama'a ne su tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa babu gamsasshiyar hujjar kimiyya da ta nuna raunanan igiyoyin da ke fitowa daga turakun waya suna cutar da lafiya. Bugu da ƙari, akwai abin da ba kowa ya sani ba. Wayar da ke manne da kunne ita ma tana watsa igiya, kuma tana ƙara ƙarfi ne gwargwadon nisan turke. Wayar GSM tana iya kaiwa wat 2 in turke ya yi nisa, in yana kusa kuwa ta sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Mai korar turke daga unguwa, wayarsa yake tilasta wa ɗaga murya a gefen kansa, batirinta ma ya riƙa saurin ƙarewa. Kokekoken da ke da tushe su ne na ƙarar janareta, da hayaƙi, da malalar mai, da kafa turke dab da katangar gida ko bisa tushe marar ƙwari. Waɗannan akwai ƙa'idoji a kansu, kuma ya halatta mai unguwa da jama'arsa su nemi a bi su.

Abu na biyu shi ne na'urar ƙara ƙarfin sabis da wasu ke saya a kasuwa su ɗaura a kan rufi. Mai ita yana ganin ya magance matsalar gidansa. Amma in aka tuna misalin zauruka, abin da ya yi shi ne ya shigo da sanƙira tsakiyar masu hira. Na'urar da ba a daidaita ba tana kwasar hayaniya ta ninka ta, ta watsa wa turke, sai kiran maƙwabta ya riƙa yankewa ba su san dalili ba, wani lokaci har yankin da ke gaba abin ya shafa. Dokar 2003 ta hana amfani da kayan sadarwa da Hukumar NCC ba ta amince da irinsu ba, Hukumar kuma ta gargaɗi jama'a a kan waɗannan na'urori. Haka hukuncin yake ga mai kafa tashar rediyo ba izni. Hatsarin wannan ya fi, domin filin FM yana ƙarewa ne a megahaz 108, daga nan kuma filin jiragen sama ya fara.

Abu na uku shi ne ɓarna. Satar batura da man janareta a gindin turke, da yanke kebul ɗin da ke haɗa turaku lokacin haƙar hanya ko da gangan, sun zama ruwan dare. A watan Satumba na 2012 'yan ta'adda sun lalata turaku da dama a garuruwan arewa, mutanen wuraren kuwa sun ɗanɗana abin da rashin waya ke jawowa a lokacin tsoro. In turke ɗaya ya mutu, wayoyin yankinsa sukan rataya a kan turakun maƙwabta, waɗanda gurabensu an auna su ne daidai nasu mutanen, sai cunkoso ya bazu. Akwai kuma turakun da wasu ke bi ta kansu kafin su isa cibiya. In irin wannan ya faɗi, ya ja na bayansa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fitar da umarni wanda ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Sarakuna da hakimai da masu unguwanni su ne suka fi kusa da waɗannan wurare, su ne kuma suka fi sanin baƙon ido.

Igiyar rediyo ba ta san kan iyaka ba. Mutanen Illela sun saba wayarsu ta kama sabis na Birnin Ƙonni, na Gamboru kuma ta kama na Fotokol a Kamaru. Don haka ne ƙasashe maƙwabta suke daidaita rabon hanyoyi da ƙarfin turakun bakin iyaka, kamar dai yadda ake yi tsakanin yanki da yanki a cikin gari. Mazauna irin waɗannan wurare ya kyautu su riƙa duba sunan kamfanin da ke fuskar waya kafin su yi kira, domin in ta sauya zuwa na ƙetare kuɗin kiran ya sauya. Ana iya shiga saitin waya a zaɓi kamfanin gida da hannu, don kada ta riƙa sauyawa da kanta.

Wanda sabis ya daɗe da lalacewa a unguwarsa, ya fara kai kuka ga kamfanin da yake hulɗa da shi, ya faɗi sunan unguwa da lokacin da abin ya fi tsanani, domin da waɗannan bayanai ne injiniya ke gane ko gurabe ne suka kasa ko kuwa wata na'ura ce ke kutse. Ya kuma karɓi lambar shaidar kokensa ya ajiye. In kamfani bai yi kome ba, sai ya kira Hukumar NCC a lamba 622, wadda ba a biyan kuɗin kiranta, ya ba da wannan lambar shaida.